Darduma a Bakin Ƙofar Ƙarfe

Ni mutum ne mai yawan waswasi, kuma tun ina ƙarami haka nake. Idan na kulle gida na kai bakin titi, sai na dawo na girgiza kwaɗon. Alwala ma sai in gama in sake, don zuciyata ta ce mini ban shafi kunne ba. Matata ta daɗe da daina yi mini magana a kai. Idan ta ga na juyo, sai dai ta ce, "Malam, a kulle yake, amma je ka taɓa shi hankalinka ya kwanta."

Na yi aikin masinja a wani ofishi a cikin garin Bauchi, irin ofishin nan da ba a rubuta sunansa a bakin get. Aikina shi ne in ɗauko fayil daga ɗakin takardun sirri in kai wa manya, in sun gama in mayar. Ranar da aka ɗauke ni, an sa na yi rantsuwa, aka kuma fassara mini da Hausa cewa duk wanda ya fitar da abin da ke cikin ɗakin nan, ko ya bari wani ya gani, gidan yari ne makomarsa. Tun daga ranar maganar gidan yarin ta zauna mini a ƙirji. Karatuna bai wuce firamare ba, Turancin fayil ɗin ma ba gane shi nake ba. Akawun ɗakin, wani mai yawan barkwanci, yakan ce, "Kai ai ka fi akwatin ƙarfen nan tsaro. Ko an buɗe maka an sa maka tabarau, ba abin da za ka kwashe."

Surukina ne ya samo mini aikin. Mahaifin matata, Baba nake ce masa, mutumin unguwar Gwallaga. Shi ke riƙe da makullan ginin tun kafin in san akwai ginin. Tsakanina da shi akwai kunya irin ta surukai. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. Idan muka haɗu a ofis, sai in tsuguna in gaishe shi, ya amsa yana kallon gefe, kowa ya kama gabansa. Idan yana da saƙo gare ni, ta bakin 'yarsa yake biyowa.

Ɗakin sirrin yana can ƙarshen wani siririn lungu ne a cikin ginin, mutum biyu ba sa jerawa a ciki. Ƙofarsa tana gabas da lungun. Baba yana da wata al'ada da kowa ya san shi da ita. Idan lokacin azahar ya yi, kowa ya fita masallaci, sai ya leƙa ɗakin ya ga ba kowa, ya kulle, ya jefa makullin a aljihu, ya shimfiɗa dardumarsa dab da ƙofar ya yi sallarsa yana fuskantarta. Ba ya barin wurin saboda gadi. Ƙofar da makullinta ke aljihunka kuwa kamar bango take, ba wanda zai fito ya gitta maka.

Sai aka zo da na'ura.

Wasu injiniyoyi suka zo suka yi makonni suna fasa bango suna jan waya. Aka cire tsohuwar ƙofar katako aka sa ta ƙarfe mai kauri, ba taga ba ramin makulli. Aka liƙa kyamara a kowace kusurwa. Aka ba kowa kati mai hotonsa, aka ɗauki hoton yatsunmu. Daga nan ba makulli kuma. In za ka shiga ko za ka fita, sai ka kara katinka, ka ɗora babban yatsa a kan wani ɗan gilashi. In fitilar ta yi kore, ƙofar ta saki. Wata kwamfuta a ɗakin tsaro tana rubuta wanda ya shiga da wanda ya fita, ba ta barci, ba ta zuwa sallah.

Babban injiniyan ya tara mu ya yi mana bayani. Ya ce kati ɗaya mutum ɗaya, ko ubanka ne a bayanka kada ka riƙe masa ƙofa. Mutane suka yi ta dariya, ni ban yi ba. Ya ce ƙofar in ta buɗe, ɗan lokaci kaɗan take ba ka. In ka daɗe a tsaye za ta fara ƙara, in ka ƙi motsawa jiniya ta tashi, duk ƙofofin ginin su kulle kansu, labari kuma ya isa hedikwata kafin ka haɗiye yawu. Sannan ya faɗi abin da ya fi tayar mini da hankali. Ya ce in kai ne na ƙarshe a ɗakin, da ka ɗora yatsan fita, na'urar ta ɗauka ɗakin ba kowa, sai ta kunna idanunta na ciki. In ka koma ciki ƙofar ta rufe, katinka ba zai sake buɗewa ba, don a wurinta kai kana waje. Duk abin da ya motsa a ciki kuma ɓarawo ne.

Na ɗaga hannu na ce, "Ranka ya daɗe, in mutum ya yi mantuwa fa?"

Ya ce, "Ka yi mantuwarka kafin ka sa yatsa."

Tun daga ranar ban sake kusantar ƙofar nan hankali kwance ba. Nakan goge yatsana a riga har ya yi zafi. Kafin fitilar ta yi kore, zuciyata ta gama raya mini cewa yau ja za ta yi. Ni da na saba komawa in duba, ga shi an kawo ƙofar da ba a komawa.

Baba kuwa an karɓe makullan. Da yake saura kaɗan ya yi ritaya, sai aka bar shi a kan kujerarsa a bakin lungun, da katin da ke buɗe lungun amma ba ya buɗe ɗakin. Ya ci gaba da sallarsa a inda ya saba. Ba wanda ya hana shi, domin a lokacin azahar ɗakin kullum ba kowa, kuma wa zai je ya ce wa dattijo ya ɗauke dardumarsa?

Ranar da abin ya faru da damina ne, an wuni ana yayyafi. Dab da azahar aka aiko a kai wa shugaba wani fayil da gaggawa. Ni da akawu muka shiga. Ya ciro fayil ɗin daga akwatin ƙarfe, ya sa a jakar fata, ya kulle ta da ɗan kwaɗo, ya miƙo mini. Aka kira sallah. Ya ce, "Mu je, kada mu rasa jam'i." Ya sa yatsa ya fita. Ni kuma sai zuciyata ta ce akwatin bai kullu ba. Na koma na ja hannunsa, a kulle. Na juyo, na sake komawa na ja. Na duba na kusa da shi. Na duba ƙasa ko wata takarda ta faɗi. Ban san daɗewar da na yi ba. Baba ya ga fitar akawu, ya ɗauka na riga shi fita, don a kullum ni ke gaba da jaka.

Na kara kati, na ɗora yatsa. Kore. Na jawo ƙofar.

Ga Baba a tsaye a gabana, ya riga ya kabbarta.

Bakin dardumarsa yana taɓa dokin ƙofar. Inda zan sa ƙafata, nan ne inda zai sa goshinsa. Dama bango, hagu bango. Babu ta inda zan raɓa sai na gitta ta gabansa, na taka wurin sujadarsa, na goge shi da kafaɗa. Ni da na taso a kan cewa gara ka tsaya komai daɗewa da ka gitta gaban mai sallah. Kuma mai sallar nan surukina.

Na ja baya taki ɗaya, sai maganar injiniya ta faɗo mini. In na saki ƙofar nan ina ciki, na zama ɓarawo a ɗakin sirri, da jakar fayil a hannu. Na dawo na tsaya a dokin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya a kan ƙarfen, na tokare ƙofar da bayana. Sai kuma na tuna ba kyau ka tsaya kana fuskantar mai sallah, na juya fuskata na manna ta da bango.

Ƙofar ta fara ƙara, a hankali, kamar kukan ɗan tsako.

Baba yana da ciwon gwiwa. Ruku'unsa a hankali, sujadarsa sai ya dafa ƙasa ya bi hannunsa. Ina jin ƙarar gwiwoyinsa, ina jin numfashinsa. Raka'a huɗu ce azahar, yana cikin ta farko. Na so in yi gyaran murya. To ko na yi, me zai yi? Ya yanke farilla saboda ni? Na fara addu'a a zuci, ban ma san abin da nake roƙa ba. Gumi ya jiƙa mini riga, ga sanyin ɗakin yana dukan bayana.

Ƙarar ta ƙara sauri. Fitilar ta koma ja. Na ce wa ƙafata ta taka, ta ƙi. Wallahi na ce mata. Na ga gidan yari a idona, na ga matata da kwanon abinci a bakin get ɗinsa, na ga yarana an maida su ƙauye Zungur wurin yayana. Duk da haka ƙafar ba ta ɗagu ba.

Sai jiniya ta tashi.

Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba, har cikin haƙorana. Na ji ƙofofin ginin suna kulle kansu, ƙwas, ƙwas, daga nesa har kusa. Baba ya ɗan girgiza, amma bai ɗago ido ba. Ta gefen ido na ga leɓensa ya ƙara sauri, jikin ne ba ya iya bin bakin. Can sai ga takun takalma a guje. 'Yan sandan da ke gadin ginin suka cika bakin lungun, bindigogi a ɗage, bakinsu yana kallona ta saman kan Baba.

"Kai! Ajiye jakan! Kwanta a ƙasa!"

Ina zan kwanta? Gabana darduma, bayana ɗakin da aka ce ba kowa. Na ɗaga hannu ɗaya sama, ɗayan yana riƙe da jakar, don an ce kada ta taɓa barin hannuna.

"Na ce ajiye! Kai kurma ne?"

Babbansu, wani sajan da Hausarsa ta bariki ce, ya ture ɗan sandan da ke yi mini tsawa gefe ya leƙo. Ya dube ni, ya dubi Baba da ke zaune yana tahiya ta farko. Ya ce, "Wannan baba yana yi mene a nan?" Wani ya ce sallah yake. Sajan ya ja tsaki, ya ce, "To bari shi ya gama. Kai masinja, in ka motsa ko kunne, na harbe ka."

Haka muka tsaya. Jiniya tana kuka, bindigogi a kaina, Baba yana kawo sauran raka'a biyu. Da ya yi sallama bai tsaya addu'a ba. Ya naɗe dardumar da sauri, ya rungume ta, ya manne da bango. Na fito. Ƙofar ta rufe kanta a bayana a hankali, kamar ba ita ta tara mutane ba.

Aka karɓi jakar, aka duba kwaɗon, aka laluba aljihuna har cikin hula. Shugabar tsaron ofishin, wata Hajiya da ba ta yawan magana, ta miƙo hannu ta ce in ba ta katina. Ta ce in tafi gida, za a neme ni bayan an duba hotunan kyamara an amsa tambayar hedikwata. Na ce, "Ranki ya daɗe, kama ni za a yi?" Ta ce, "Ban sani ba tukuna."

Wannan "tukuna" ita na ɗauka na hau acaɓa da ita har gidana a unguwar Fadaman Mada.

Kwanakin da suka biyo baya ban san ɗanɗanon tuwo ba. Duk motar da ta rage gudu a layinmu sai in miƙe tsaye. Mai gyaran rediyo da ke maƙwabtaka da mu ya gwada wata lasifika ta yi ƙara, sai ga ni a bayan ƙofa. Matata tana tsakanin mijinta da ubanta, ta rasa wanda za ta tausaya wa. Ta je Gwallaga ta dawo ta ce Baba ba ya fita ko zaure. Na ce ya ce wani abu? Ta ce, "Cewa ya yi ya ga ƙafafunka tun a raka'ar farko. Ya so ya yi sauri, gwiwa ta hana."

Na je wurin wani malami da nake ɗaukar karatu a zaurensa, na ba shi labari. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Kai dai ba ka rabuwa da wahalar da kanka. In mutum ya tsaya sallah a kan hanya, mai wucewa kuma ba shi da wata hanyar, ai babu laifi a kan mai wucewa. Nauyin yana kan wanda ya tare hanya." Na ce, "Malam, surukina ne fa." Ya ce, "Hukuncin bai san suruki ba."

Na fito da abin da ya fi wanda na shiga da shi nauyi. Ga maganar da za ta iya wanke ni, amma in na faɗe ta, na ɗora laifi a kan mutumin da ya ba ni 'ya ya ba ni aiki, ana saura kaɗan ya huta da mutuncinsa. In ban faɗa ba, me zan ce?

Da aka kira ni, na tarar da Baba a ofishin Hajiya, yana zaune a kujerar gefe, ya ɗora hularsa a gwiwa. Na tsuguna na gaishe shi, ya amsa yana kallon bango. A hanyar shigowa akawu ya raɗa mini, "Sannu ladanin ƙofa, ka tara jam'in da ba a taɓa tarawa ba." Ko murmushi ban iya ba.

Hajiya ta juyo da fuskar kwamfuta ta kunna. Na ga kaina daga sama, ɗan ƙarami, ina jan hannun akwati ina sakewa, ina ja ina sakewa. Sannan na gan ni a bakin ƙofa, fuska manne da bango kamar yaron da aka sa horo. Kunya ta kama ni fiye da tsoro.

Ta ce, "Hoton ya nuna ba ka buɗe jaka ba, ba wanda ya shiga. Maganar kamu babu ita." Na fara godiya. Ta ɗaga hannu. "Ban gama ba. Hedikwata ba su tambaye ni ko kai ɓarawo ne ba. Sun tambaye ni ko mutumin da ya riƙe ƙofar ɗakin sirri a buɗe har jiniya ta tashi ya dace ya ci gaba da riƙe kati. In ba kati, ba aikin da za ka yi a nan. Don haka tambaya ɗaya zan yi maka, Malam. Gobe ka buɗe ƙofar nan ka tarar da mutum yana sallah. Me za ka yi?"

Na san amsar da take so. Amma ƙarya a gaban hukuma, bayan rantsuwa, ita ma tsoronta nake ji. Na tuna yadda na ce wa ƙafata ta taka ta ƙi. Hajiya tana juya katina a kan tebur da ɗan yatsa. Can sai na ga ta fara jawo aljihun tebur za ta jefa shi.

Sai Baba ya yi gyaran murya. Bai dube ni ba, amma da ni yake. Tun da na auri 'yarsa bai taɓa yi mini magana kai tsaye mai tsawon wannan ba.

"Ka ce mata za ka wuce. Ni na tare hanya. Da makulli na aljihuna ƙofar nan bango ce, yanzu ba bango ba ce, ni ne ban yarda ba. Ko ni ka tarar, ka wuce. Na yafe, kuma Allah ba zai kama ka ba."

Muryarsa ta ɗan karye a ƙarshe. Na sunkuyar da kai na ce, "Zan wuce, ranki ya daɗe."

"Ka tabbata?"

"Ban tabbata ba. Amma zan rufe ido in wuce."

Ta dube ni. Ta ce, "Ka bar idon a buɗe, kada ka taka mutum." Ta turo mini katin. Ta ce in sani na'urar ta riga ta rubuta wannan a kaina, kuma ba ta gogewa. In aka sake, ita da kanta za ta kashe katin, ba sai ta nemi izinin kowa ba. Sannan ta juya wurin Baba, ta sassauta murya. Ta ce daga yau zai koma get na waje, akwai rumfa a can, akwai wurin sallah. Ya ce, "To, 'yata." Ya ciro katinsa daga wuya da kansa ya ajiye a kan tebur, ya sa hula ya fita. Na bi bayansa da nisa, kamar yadda na saba.

A get ya ƙarasa aikinsa. Kullum da safe in tsuguna in gaishe shi, ya amsa yana kallon gefe. Ba mu sake ta da maganar ba, ni da shi, har ya koma ga Allah.

Ranar da na koma aiki, aka aike ni ɗakin tun da hantsi. Na shiga lafiya. Da zan fito, na duba akwatin iya dubawata tun kafin in kusanci ƙofa. Sannan na manna kunnena da ƙarfen, ko zan ji kabbara ko motsin darduma. Ba a jin komai ta cikin wannan ƙarfe, na sani, amma haka na riƙa yi har na bar aikin. Na goge yatsa, na kara kati. Fitilar ta daɗe a idona kafin ta yi kore.

Na jawo ƙofar. Lungun ba kowa. Sai dai a ƙasa, dab da dokin ƙofa, simintin ya fi na ko'ina santsi da haske, daidai faɗin darduma. Na tsaya ina kallonsa. Ƙofar ta yi kukanta na farko. Na ce bismillahi, na ɗaga ƙafa na taka.